Yadda ake duba motar hannu a gwada ta kafin a biya kuɗi

Motocin hannu da ake tallatawa a Garwa, Marwa da Ngawundare, a arewacin Kamaru, ba hanya ɗaya suka biyo ba, don haka ba ciwo ɗaya suke da shi ba. Wadda ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala daga Turai, 'yar Beljik ke nan, abin tsoro a jikinta tsatsa ce da ƙaryar kilomita. Wadda ta tsallako daga Najeriya, sau da yawa asalinta daga Kwatano, ita takardunta ne abin bincike. Wadda kuwa ta daɗe a nan gida tana shan zuwa-zuwa, wato man kwalba na bakin hanya, tana hawa da sauka tsakanin Gidar da Mokolo, ranar Afrilu da ramukan hanya sun riga sun karɓi rabonsu a jikinta. Tambayar farko ke nan da za ka yi tun a waya: daga ina motar ta fito, kuma hannu nawa ta bi?

Shiri tun daga gida

Nemi bakanikenka, wanda kai za ka biya shi kuɗin wuninsa, kuma ka faɗa masa ladansa ɗaya ne ko an saya ko an fasa. Bakaniken da dillali ya kawo, ko wanda aka yi wa alkawarin wani abu in ciniki ya faɗa, ba zai ga aibi ba ko da yana tsone masa ido. In so samu ne ka ɗauki wanda ya saba da irin motar, domin mai gyaran Corolla da Carina ba lallai ya san halin injin dizal na Hilux ba.

Ka sa lokaci da safe, bayan gari ya waye sosai, ka kuma ja kunnen mai motar cewa kada a tayar da ita sai ka zo. Kada ka yarda da duba mota da magariba ko a cikin rumfa mai duhu. Ka riƙe tocila, farin tsumma, ɗan maganaɗisu, da kwali ko tsohuwar tabarma ta kwanciya a ƙasa. Kuɗi kuwa bar su a banki. Ranar dubawa daban, ranar biya daban.

Takardu kafin inji

Mutane da yawa da isarsu sai buɗe bonet. Ni a ganina kuskure ne, domin inji in ya lalace ana gyarawa ko a sauya, amma motar da duwan, wato kwastan, ko jandarma suka riƙe saboda takarda, kana ji kana gani za ta zauna a harabarsu tayoyi su sace.

Fara da kart griz, takardar mallakar motar, kuma ta asali, ba hoto ba. Sunan da ke jikinta ka gwada shi da katin ɗan ƙasa na mai sayarwa. In sunan wani ne daban, sai a nuna maka takardar cinikin da ta haɗa su, mai hatimin hukuma. Za ka ji ana cewa, "Ai Alhaji, ta yayana ce, ya yi tafiya Yawunde, ya ce in sayar." To madalla, a kira yayan, ya zo da kansa ko ya aiko da takardar wakilci da aka sa wa hannu a gaban hukuma. In motar gado ce, ka tabbata an raba gadon kuma magada sun yarda, don kada wata uku a gaba wani ɗan marigayin ya dawo daga karatu ya ce ba da saninsa ba.

Sai lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne a yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, kuma babu harafin I ko O ko Q a cikinsu. Ana samun ta a wuri fiye da ɗaya: a ɗan allon da ke jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin ɗakin inji, a wasu motocin a gindin gilashin gaba ta gefen direba, sannan a buge a jikin ƙarfen motar kanta. A ƙananan motoci bugaggiyar takan kasance a bangon da ya raba inji da ɗakin zama ko a ƙasan kujerar gaba, a manya irin su Hilux da Land Cruiser kuma a jikin ƙarfen shasi kusa da tayar gaba. Wannan bugaggiyar ita ce abin dogaro. Goge ta da tsumma, haska tocila, kai ka karanta ɗaya bayan ɗaya bakanike yana bin kart griz da yatsa. Sa'an nan ka shafa wurin da hannu. In ka ji kaushin walda a kewaye, ko ka ga alamar an goge da injin wasa ƙarfe, ko harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa zurfi ko ya karkace, to ka yi sallama ka koma gida. Babu ragin da ya isa ya sa ka sayi wannan motar.

Bayan haka takardun duwan. Mota sabuwar shigowa dole a nuna maka shaidar an biya mata kuɗin fito, kuma lambar shasin da ke jikin shaidar ta yi daidai da ta motar. Abu biyu ne ke kayar da mutane a yankinmu. Akwai motocin da aka fitar daga Duwala da sunan wucewa kawai za su yi zuwa Cadi, ba a biya musu fiton Kamaru ba, sai a karkatar da su a hanya kafin su kai Kusuri. Akwai kuma masu lambar Najeriya da suka shigo da takardar ziyara ta ɗan lokaci. Wannan takardar izinin yawo ce, ba izinin sayarwa ba. In ka sayi ɗayansu, kai za ka biya fiton, wataƙila har da tara. Kada ka tsaya a kan hatimi da sa hannu, ana buga su a kasuwa. Ɗauki kwafi ka je ofishin duwan, ka kuma je ofishin ma'aikatar sufuri na jihar, su duba a rajistarsu. Haruffa biyu na farkon lambar mota suna gaya maka inda aka yi mata rajista: NO jihar Arewa, EN Arewa Mai Nisa, AD Adamawa, LT yankin Duwala, CE yankin Yawunde. In an ce maka motar ba ta taɓa barin Marwa ba alhali lambarta LT ce, ka nemi bayani.

Inshora da bizit teknik, takardar gwajin lafiyar mota, ka duba ranar ƙarewarsu. Kada dai takardar bizit ta ruɗe ka, kowa ya san ba kowace mota mai ita ce ta taka wurin gwajin da tayoyinta ba.

Jiki da ƙarƙashi

Tsaya daga nesa kaɗan, a kan fili mai daidai, ka dubi zamanta. In ta karkata gefe ɗaya ko bayanta ya zauna, sifirin ya gaji ko an taɓa shasi. Sai ka tsuguna a kusurwar gaba ka kalli gefenta a tsaye, yadda haske zai nuna maka lanƙwasa da bambancin fenti. Tazarar da ke tsakanin ƙofa da ƙofa, da tsakanin bonet da fikafikansa, ta zama ɗaya dama da hagu. Naɗe maganaɗisun a tsumma ka bi ƙofofi da fikafikai da shi. Inda ya ƙi kamawa an cike wurin da ƙullin masu gyaran jiki. A kan bamba ba zai kama ba daman, roba ce. Ɗaga robar bakin ƙofa ka duba ko akwai feshin fenti ko sabuwar walda. Gogar kasuwa da ɗan bugun ɗan acaba ba abin damuwa ba ne, duk motar da ke shiga babbar kasuwar Garwa tana da su. Abin da kake nema shi ne alamar babban haɗari: ƙarfen da ke riƙe da lagireto sabo fil alhali sauran sun tsufa, dogayen ƙarafa biyu da suka ɗauki inji suna da alamar miƙarwa da wuta, ramin safaya a cikin but ya yamutse. Bel ɗin kujera yana da ɗan kyalle a gindinsa mai shekarar da aka yi shi, wannan ma ka gwada da shekarar da aka faɗa maka.

Taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara shida, ko da zanenta yana nan, kwaltar Maris tana iya fasa ta. Shafa tafin hannu a kan fuskar tayar. In gefe ɗaya ya cinye ɗaya yana nan, ƙafar motar ba daidai take ba. Wasu 'yan Beljik kuma da tayar ƙanƙara suke zuwa, mai hoton dutse da ƙwayar ƙanƙara a gefe. Robarta mai laushi ce, a nan ba ta jimawa. Lissafa kuɗin sabbi huɗu ka ajiye a ranka don lokacin ciniki.

Yanzu a kai ta ramin garaji, in babu a shimfiɗa kwali. A Turai gishiri suke watsawa a hanya lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, shi ke cin motocinsu daga ƙasa. Bakanike ya ɗauki sukuddireba ya ƙwanƙwasa shasi, gindin ƙofofi, da inda ƙafafun baya suke kamawa. Jan tsatsa na sama-sama ba komai. Wanda yake ɓarewa yana zubowa, ko ƙarfen ya lotsa da an danna, wannan ya ci ciki. Ka yi hattara da ƙarƙashin da aka shafe da sabon baƙin fenti mai kauri, galibi wani abu aka rufe. A nan kuma za a ga yoyon mai a gindin inji da giya, shokozoba mai jiƙe da mai, da robar da ke rufe gaɓar shaf ɗin tayar gaba. In ta yage, yashi ya riga ya shiga. A dubi tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, domin akan yanke ta a sayar saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinta, a mayar da bututu kawai. Sabuwar walda a wurin ita za ta tona.

Tun ambaliyar da ta ci Njamena a 2022 da wadda ta ci Yagwa a 2024, sai an ƙara da neman alamar ruwa. Ɗaga shimfiɗar ƙasa, leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin safaya, ja bel ɗin kujera har ƙarshensa. Busasshen taɓo, tsatsa a layin da kujera ke gudu a kai, warin rima da aka danne da turare, duk shaida ne. Motar da ta sha ruwa wayoyinta ne ke ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta mutu a tsakiyar hanya, kuma mai gyaran waya ba zai taɓa gamawa da ita ba.

Inji yana sanyi

Kafin komai ɗora bayan hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga an tayar da ita. Dillali zai ce, "Ranka ya daɗe, wanki kawai muka kai ta." Ka ce masa babu laifi, gobe da safe ka dawo. Inji mai wuyar tashi, mai ƙara ko mai hayaƙi, da sanyin safiya yake fallasa kansa, in ya yi zafi sai ya rufa wa kansa asiri. Injin da aka wanke tas yana ƙyalli ma bai burge ni ba. Na fi son mai busasshiyar ƙura, don a kanta ake ganin inda mai ke tsattsafowa.

Zaro sandar awon baƙin mai, goge a farin tsumma, mayar, sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomin biyu. Baƙi a injin dizal ba laifi ba ne. Murza shi tsakanin yatsu: in ka ji tsaki-tsaki ko ka ga ƙyallin garin ƙarfe, injin yana cin kansa. In ya yi kauri yana jan zare, an zuba maganin kaurara mai don a danne ƙara da hayaƙi. Buɗe murfin da ake zuba mai ka juya shi. Farin kumfa mai kama da kindirmo a cikinsa alama ce ruwa yana haɗuwa da mai.

Daga nan sai lagireto, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci, domin a ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a Maris da Afrilu, abin da ya fi kashe inji shi ne tafasa. Da yake injin da sanyi, buɗe murfin. Kada ka kuskura ka buɗe shi da zafi, ruwan yana tashi ya ƙona fuska. Ruwan da ya dace mai launi ne, kore ko ja ko shuɗi, kuma garau. In ruwan rijiya ne ja da tsatsa, an daɗe ana yi wa injin rowa. In mai yana yawo a samansa, magana ta ƙare. Bar murfin a buɗe, a tayar da motar, ka zuba ido a bakin lagireton. Ƙananan kumfa da ke ta fitowa ba tsayawa, ko ruwa ya yi tsalle da an taka totur, suna nuna gasket ɗin kan inji ya ƙone ko kan injin ya tsage. Dubi kuma gefen kan injin: sabon gam da ya ɓullo, da kusoshi masu sabon tabon sifana, suna gaya maka an taɓa buɗe shi. Tambayi dalili, ka ga yadda za a amsa.

Sai fanka. Kashe na'urar sanyi tukuna. A motar da fankarta ta lantarki ce, bai kamata ta juya ba sai inji ya yi zafi. In da murɗa makulli ta kama gudu, an haɗa ta kai tsaye, kuma galibi wanda ya yi haka ya cire tamostat ma, wato ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji. Bakanikenmu da yawa za su ce maka haka ya fi dacewa da ƙasar zafi. Ban yarda ba. An ƙera injin ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma in aka hana shi kaiwa can sai ya ƙara shan mai. Abin da ya fi wannan muni, sau da yawa ba don rigakafi aka yi ba, don motar ta taɓa tafasa ne aka rasa gane dalili.

Tambayi ko injin mai bel ne ko mai sarƙa a ciki. In mai bel ne, yaushe aka sauya? Yawanci tsakanin kilomita 90,000 da 150,000 ake sauyawa, gwargwadon injin, kuma a wasu injuna in ya tsinke a kan gudu har bawul yake lanƙwasawa. In babu wanda ya sani, sa kuɗin sabo a lissafi.

Yanzu shiga ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun gaban direba duk su kama: ta inji, ta mai, ta batir, ta ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, ta jakar iska. Wadda ba ta kama ba an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Bayan tayarwa kowacce da lokacin mutuwarta. In duk suka mutu tare daidai da ta mai, wani ya haɗa wayoyinsu wuri ɗaya. Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, suna da wurin jona kwamfutar bincike a ƙasan sitiyari. Kuɗin jonawar kaɗan ne a kan abin da take tonawa, har tana nuna in ba a daɗe da goge laifuffukan ba.

A tayar. Bugu ɗaya ko biyu ya isa. Wani ya tsaya a baya yana kallon salansa. Shuɗin hayaƙi ƙonar baƙin mai ne, ringi ko robar bawul. Baƙi mai ne ke yawa, ko nozul ko matatar iska, kuma motar da ta daɗe tana shan man kwalba na bakin hanya ta saba da wannan. Fari siriri da sanyin hunturu, wanda ke ɓacewa cikin 'yan mintuna, tururi ne kawai. Fari mai kauri da ya ƙi tsayawa a safiyar Afrilu ruwan lagireto ne ke shiga wuta. Kwance murfin mai injin yana aiki, ka ɗora shi a bakin ba tare da ɗaurewa ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, da sauƙi. In iska ta cillar da shi hayaƙi na bin baya, injin ya kusa neman a sauke shi. A ma'aunin wuta, batir a kashe ya nuna kusan volt 12.6, inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5.

Kilomitar da ke allo kuwa, ka ɗauke ta a matsayin zance. Mota mai shekara ashirin da aka ce ta yi 90,000, amma robar birki ta cinye har ƙarfe ya fito, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, ka san an juya. Leƙa ginshiƙin ƙofa da ɗakin inji, garejin Turai kan manna 'yar takarda mai ranar sauya mai da kilomitar lokacin, kuma masu juyawa sukan manta da ita. A Beljik tun 2006 akwai takardar Car-Pass mai tarihin kilomitar mota. In tana cikin takardun, karanta ta. 'Yar Amurka da mil take ƙirga, kowane mil kilomita 1.6 ne.

A kan hanya

Zagayen unguwa na minti biyar ba gwaji ba ne. Kana bukatar kamar minti arba'in, kuma kai za ka tuƙa. Zuba mai da kuɗinka don kada a ce tanki ya ƙare. Riƙe lasisinka, tabbatar inshorar tana aiki, mai motar ya zauna a baya da takardu saboda shingen jandarma, bakanike a gefenka. Rediyo a kashe. In dillali ya cika surutu daidai lokacin da aka hau gargada, ka ce, "Malam, don Allah ɗan saurara mu ji motar."

Kafin ka motsa, gwada kuloci: ja birkin hannu, sa giya ta uku, saki ƙafa a hankali. Injin ya kamata ya mutu. In ya ci gaba da aiki, kulocin ya cinye. In mai sauya giya da kanta ce, taka birki ka sa D, ka dawo R. Ta kama nan take a hankali, ba jinkiri ba bugu. Man giyarta, in tana da sandar awo, ja ne garau. Mai ruwan ƙasa da warin ƙuna yana nufin kashe kuɗi mai yawa, kuma masu gyaran irin wannan giyar ba su da yawa a arewa.

A fili, murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali, dama sannan hagu. Ƙas-ƙas-ƙas daga tayar gaba gaɓar shaf ce. Sai ka shiga gari, inda ake tsayawa ana tashi, ka bi giyoyin duka har da ta baya. Giyar da ke gurzawa wajen shiga, ko take fita da kanta in ka saki totur, aikin sauke akwatin giya ne.

Daga nan ka nemi kwalta mai tsawo, kamar hanyar Pitowa in a Garwa kake, ko ta Salak in a Marwa. Kai ta 80 zuwa 100. Inda hanya ta miƙe kuma ba kowa, sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe. Rawar sitiyari a wannan gudun yawanci daidaita taya ne, abu mai sauƙi. Gurnani da ke ƙaruwa da gudu, yana sauya murya in ka ɗan karkata dama ko hagu, boris ne. A giya ta sama, kana tafiya a hankali, taka totur har ƙasa: in ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Saki totur ka bar ta ta gangara, sannan ka sake takawa, bakanike yana kallon baya ko shuɗin hayaƙi zai fito. Duba madubi, in babu mai bin ka, taka birki da ƙarfi daga 60. Ta tsaya a miƙe. In ta fizga gefe, ko sitiyari ya yi rawa a hannunka, ko ƙafar birkin ta yi ta nitsewa a hankali kana danne da ita, a duba kafin a yi wata magana. Wanda zai riƙa sauka gangaren dutsen Ngawundare zuwa Mbe da iyali a mota ba ya wasa da birki.

Kada ka dawo sai ka sauka daga kwalta. Nemi jar hanya mai gargada da ramuka, ka sauke gilashi, ka tafi a hankali. A nan ƙafar mota ke magana: ƙwal-ƙwal, gum-gum, kowanne bakanike ya san mai shi. In ta haye tudu ta yi ta lilo ba ta tsaya ba, shokozoba sun mutu. A kan wannan ƙasar in ka taka birki sosai za ka ji ƙafar tana karkarwa, ABS ne ke aiki, ba laifi ba ne. In mai jan ƙafa huɗu ce, a nan ko a kan yashin bakin mayo, wato rafi, za ka sa ta, babba da ƙaramar giya duka, ka ga fitilar ta kama kuma tayoyin gaba suna ja. Kada a gwada wannan a kan kwalta. An sha sayar da manyan motoci da aka cire musu shaf ɗin gaba, sai damina ta zo mai ita ya gane.

Duk tsawon tafiyar idonka na komawa kan allurar zafi. Da kun dawo kada ka kashe. Ajiye ta a rana, kunna na'urar sanyi har ƙarshe, a bar ta tana aiki a tsaye minti goma sha biyar. Wannan shi ne cunkoson kasuwa da azahar, kuma nan ne mota mai ciwon zafi ke kasawa, don babu iskar gudu da za ta taimake ta. Allurar ta tsaya a wurinta, sanyin kuma kada ya ragu. Kana jira kana gwada gilasai, fitilu, hon, abin share gilashi da makullan ƙofa. Sai ka kashe, ka jira minti biyar, ka sake tayarwa. Wata tana tashi lafiya da sanyi ta ƙi da zafi. A matsar da ita gaba, ka dubi ƙasan inda ta tsaya. Ruwa garau ta gefen fasinja na na'urar sanyi ne. Mai, ko ruwa mai launi, yoyo ne da wankin jiya ya ɓoye.

Ciniki da biya

Ja bakanike gefe, inda mai mota da dillali ba sa ji, ya lissafa maka abin da za a gyara da kuɗin kowanne, da kuma ko ana samun kayan a garin. Toyota kayanta ko'ina akwai. Wata ƙirar kuwa sai an aika Duwala ko Kano, mota na zaune mako biyu saboda ƙaramin abu. Taya, batir, shokozoba, kuloci, boris, waɗannan na ragi ne, a cire kuɗinsu daga farashi. Lambar shasi da aka taɓa, rashin takardar duwan, kumfa a lagireto, shasi mai walda ko ruɓa, da motar da ta nutse, waɗannan na fasawa ne. In aka ce maka wani Alhaji daga Kusuri yana hanya da kuɗi a hannu, ka ce Allah ya sa rabonsa ce.

La'adar dillali a yanke ta tun kafin a yi taya, a kuma san wanda zai biya. In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa za a mayar maka in bincike a duwan ko ofishin sufuri ya nuna matsala. Ranar biya a haɗu a banki, da shaidu biyu, a rubuta takardar ciniki mai sunayenku, lambobin katin ɗan ƙasa, lambar mota, lambar shasi da farashi, a kai a buga mata hatimin hukuma mai sayarwa yana tsaye. Karɓi kart griz ta asali, takardun duwan, kwafin katinsa, makullai duka, jak da safaya. Ka fara neman mayar da kart griz sunanka a makon, tun mai sayarwar yana kusa kuma wayarsa na shiga. In kana da niyyar tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena, ka ce wa kamfanin inshora su haɗa maka da katin CEMAC mai ruwan hoda, wato katin inshorar da ke aiki a ƙasashen Afirka ta Tsakiya. Kafin doguwar tafiya ta farko kuma a sauya baƙin mai da matatunsa, matatar fetur, matatar iska da ruwan lagireto, ko da an rantse maka jiya aka sauya su.